“Kada Ku Yi Panic”: Labarin Wani Saƙo

Akwai wani ɗalibi a ajin ƙarshe na Sashen Hausa wanda 'yan ajinsu suka sani da son gyara wa mutane rubutu. In ya ga an rubuta ƙasa ba ƙugiya, ko an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ba ya iya yin shiru, har wasu suka riƙa tsokanarsa suna kiransa alƙalin ƙa'idojin rubutu. Ɗan fari ne a gidansu, ɗan manomi daga wani ƙauye na yammacin ƙasar Katsina, kuma shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a. Yana da ƙanwa wadda ke zaune wurin goggonsu a cikin birnin da yake karatu, tana ajin ƙarshe na sakandare. Abin da ya same shi a kan kalma guda ta Ingilishi ya isa a ba da labarinsa, domin irin kuskuren da ya yi ba shi kaɗai ke yin sa ba.

Wata Laraba da la'asar, saura mako biyu ƙanwar ta fara jarrabawar fita, sai goggo ta kira shi a waya tana salati, ta ce ya zo maza, yarinya ba lafiya. Ko da ya isa, ya tarar da ita zaune a ƙasa ta dafe ƙirji, numfashi sama-sama, gumi ya jiƙe mata hijabi, hannuwanta sun yi sanyi suna karkarwa, ba abin da take faɗi sai, “Yaya, mutuwa zan yi.” Suka sa ta a a-daidaita-sahu zuwa asibiti. Kafin layi ya zo kansu abin ya fara lafawa. Likita ya auna hawan jininta, ya saurari ƙirjinta, ya sa aka gwada ko zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙarancin jini, aka kuma duba bugun zuciyarta da na'ura, ba a sami komai ba. Sa'an nan ya dubi ɗalibin, da yake ya ga alamar ɗan boko ne, ya gaya masa sunan abin da Ingilishi, ya ce ba ya kisa, su koma gida ta huta, su dawo ranar Litinin.

Da ya koma ɗakin kwanan ɗalibai bayan magariba, sai ya ga ya kamata ya sanar da gida kafin labari ya isa ta wani bakin. Ya ɗauki waya ya rubuta wa mahaifinsa cewa: “Baba, kada ku yi panic. Mun kai ta asibiti, likita ya ce panic attack ne kawai.” Ya tura, ya kashe wayar domin yana da gwaji da safe, ga shi kuwa ba wuta balle ya yi caji. Ya kwanta da zuciya ɗaya, yana ganin ya kwantar wa iyayensa da hankali.

Mahaifin nan nasa ba jahili ba ne. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, yana rubuta ajami, kuma ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, yana karanta Hausa a hankali amma daidai. Ƙauyensu ba a samun sabis sai an hau tudun bayan makarantar firamare, can kuwa yakan je bayan lisha ya duba ko an neme shi. Ya buɗe saƙon, ya gane “kada ku yi”, ya gane “asibiti” da “likita”, amma kalmomi biyu suka tare masa hanya. Ya aika aka kirawo masa wani yaron maƙwabta da ke ƙaramar sakandare. Yaron ya ce ta farkon bai san ta ba, amma ta biyun ya sani, ma'anarta hari. To, a yankin nan da 'yan bindiga suka addaba, in an ce hari ba a tambayar wane iri. Tsohon ya kira ɗansa, waya a kashe. Ya kira ƙanwarsa, watau goggon yaran, tata wayar tana wurin mai caji. Ya sauko daga tudu da labarin an kai wa 'yarsa hari tana asibiti. Mahaifiyar ta zube a ƙofar ɗaki, matan unguwa suka taru, ba wanda ya runtsa a gidan. Da asuba ya jinginar da ragon da yake kiwo domin layya, ya hau acaɓa ta hanyar da mutane ba sa bi sai rana ta ɗaga, daga nan ya shiga mota. Bai isa birni ba sai azahar, ya kuwa tarar da yarinya zaune a inuwa tana bitar littafinta.

Aka aika jami'a aka kira ɗalibin. Bayan ya durƙusa ya yi gaisuwa, mahaifin, wanda ba ya kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ya miƙa masa waya ya ce, “Kai, karanta mini wannan da Hausa.” Ɗalibin ya buɗe baki ya ce, “Watau, Baba, tsoro ne.” Tsohon ya ce, “Tsoron me? Wa ya tsorata ta?” Ya ce ba kowa. “To, yaya za a yi tsoro ba abin tsoro?” Nan fa alƙalin ƙa'idojin rubutu ya shiga kame-kame, yana neman magana tana kufce masa. Yarinyar ce ta cece shi. Ta ce, “Baba, ina zaune ina karatu, ban ga komai ba, ban ji komai ba, sai gabana ya faɗi ras kamar an yi mini albishir da mutuwa. Zuciyata ta kama dukan uku-uku, numfashina ya sarƙe, yatsuna suka mutu, na ji kamar ana zare mini rai, har na rasa inda nake.” Mahaifin ya gyaɗa kai ya ce, “Firgita ce ke nan ba dalili. Kakarku ta yi fama da irinta shekarar da aka rasa kakanku.” Sa'an nan ya juya ga ɗansa, bai ɗaga murya ba, ya ce, “Da haka ka rubuto da na kwana a gida. Ni na ɗauka Hausa aka turo ka koyo.”

Wannan magana ta tsaya wa ɗalibin a rai fiye da a ce an zage shi. Abin da ya fi damunsa shi ne, sa'ad da yake rubuta saƙon bai ji a jikinsa cewa ya sa baƙuwar kalma ba. Ta zo masa a yatsa kamar yadda gishiri ke zuwa hannun mai miya. Da ya koma ya bi tsofaffin saƙonninsa da na abokansa, da abin da suke rubutawa a Facebook da WhatsApp, sai ya ga kalmar ta cika wuri. Wanda ya ga an kafe jadawalin jarrabawa ya rubuta ita, wanda wayarsa ta ɓace ya rubuta ita, wadda ta ji harbi a unguwarsu ita ma haka, har da wanda ya ga layi a gidan mai. Ga halaye huɗu mabambanta, amma an lulluɓe su da mayafi ɗaya.

Daga nan ya nufi laburare. Ya sauko da ƙamusun Bargery na 1934, mai ɗauke da kalmomi kimanin 39,000, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ya riƙa tsinto kalmomin da suka shafi tsoro yana jerawa a takarda, kana ya riƙa gwada su da yadda ya ji ana faɗinsu a gida tun yana yaro. Tsoro shi ne uwa, ya ƙunshi mai kyau da mummuna, shi ya sa ake yabon mutum da tsoron Allah. Fargaba da zullumi na abin da bai riga ya zo ba ne, suna kwana da mutum su tashi da shi, kamar na mai jiran sakamakon jarrabawa. Firgita kuwa ta nan take ce, ba ta sallama, irin ta wanda ya taka igiya cikin duhu ya zaci maciji. Razana ta fi ta nauyi, domin ita sai abin ya kasance mai girma ko mai kwarjini, kamar tsawa ko ganin gawa ba zato. Kaɗuwa ta mai jin mugun labari ce. Zabura aikin jiki ce, mutum ya miƙe ko ya yi tsalle kafin ya yi tunani. Bayan waɗannan sai waɗanda ke nuna abin da firgitar ta yi wa hankali: wanda ya daburce ya kasa haɗa magana, wanda ya kiɗime yana ta kai da kawowa ba ya tsinana komai, wanda ya gigice ya fita hayyacinsa, wanda ya ɗimauce kuwa ya rasa gabas ya rasa yamma, tamkar matafiyin da ɗimuwa ta kama a daji.

Bai tsaya nan ba, sai ya lura Bahaushe ya bi jikin mutum gaɓa-gaɓa ya ajiye wa tsoro shaida a kowace. Gaba yakan faɗi, ciki ya ɗuri ruwa, hanta ta kaɗa, gwiwa ta yi sanyi, tsigar jiki ta tashi, ido ya raina fata, in abin ya yi tsanani a ce mutum ya yi suman tsaye. Ya tuna da bayanin ƙanwarsa, ya ga ashe da waɗannan kayan ta gina shi, shi ya sa mahaifinsu ya gane cikin numfashi ɗaya abin da shi ya kasa faɗi da digirinsa da ya kusa kammaluwa.

Har ila yau akwai abin da ya gani ta fuskar nahawu. A aji biyu an koya musu tsarin giredin aikatau guda 7 da Parsons ya fito da shi a 1960, ya haddace ya ci jarrabawa, amma sai yanzu ya ga amfaninsa. Daga saiwa ɗaya ana samun ya firgita, ya firgice, ya firgitar da yara, ya shigo a firgice, firgitacce, firgici, abin firgitarwa, har da firgigit na mai farkawa daga barci. Kowace tana nuna wani abu dabam: wa abin ya sama, wa ya jawo shi, ya wuce ko yana nan. Baƙuwar kalmar kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba ta iya tafiya sai an goya ta a bayan “yi”, kamar jinjirin da bai fara rarrafe ba.

Abokin ɗakinsa, wanda ke karatun kimiyyar harshe, bai yarda da shi ba, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce ba harshen da ke rayuwa ba aro. Ya ce mota da asibiti da tebur da kwabo duk daga Ingilishi suke, ba kuwa wanda ke jin kunyarsu. Ɗalibin ya ce ai waɗannan sababbin abubuwa ne da suka zo da sunayensu, amma tsoro ba Bature ya kawo shi ba. Abokin ya yi dariya ya ce to nadama fa, da hassada, da shakka, da niyya? Duk daga Larabci suke, duk kuwa abubuwan zuciya ne, kuma Bahaushe yana da-na-sani tun kafin ya ari nadama. In an karɓi waɗancan, don me za a kori wannan?

Sun kwana biyu suna wannan gardama, daga bisani suka kai ta gaban wani malaminsu dattijo. Ɗalibin ya ce, “Allah ya gafarta Malam, aro laifi ne ko ba laifi ba ne?” Malamin ya ce tambayar ba ta ɗauru daidai ba. Ya ce kalmar aro baƙuwa ce, kuma ana gane baƙon da ya zama ɗan gari da kamanninsa da kuma yawan waɗanda suka san shi. Ya ce su dubi fensir da famfo da fasinja da fetur da fursuna: dukkansu da harafin p suka zo, wanda babu shi cikin baƙaƙen Hausa, amma bakin jama'a ya sarrafa su har suka zauna. Ya ce su dubi canji, yadda ta haifi canza da canzawa da canje-canje, ta shiga giredi kamar 'yar gida. Nadama da 'yan'uwanta kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin zaurukan karatu da wuraren wa'azi, har tsohuwar da ba ta taɓa riƙe allo ba ta san su. Ita wannan fa? Har yanzu da rigarta ta Ingilishi take yawo, masu rubuta ta ma ba su ce fanik ba, domin ba su nufin wanda bai yi boko ba ya karanta. Ya ce mai yiwuwa ne nan gaba ta zauna, ba wanda ke da ikon hana ta, amma a yau wanda ya sa ta a takarda ya zaɓi masu karatunsa, ya rufe wa sauran ƙofa.

Malamin ya ƙara da tunatar da su cewa wannan ba sabuwar matsala ba ce. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, ma'aikatanta ke fama da labaran duniya masu cike da abubuwan da ba su da suna a Hausa, ga kuma masu karatu da akasarinsu ba su jin Ingilishi, wasu ma karanta musu ake yi a dandali. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, cikin ayyukanta har da daidaita rubutu da tace kalmomin aro. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, nan ma kullum sai an zauna an nemo yadda za a faɗi abu manomi ya gane. Daga irin wannan wahala aka sami jirgin sama da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya ce waɗancan mutane sun fi ɗaliban yau jin Ingilishi, amma suna rubutu ne da fuskar mai karatu a gabansu.

Da ɗalibin ya bi asalin kalmar kuma, sai ya ci karo da abin da ya ba shi dariya da kunya gaba ɗaya. Ingilishi ma aro ta ya yi daga Faransanci wajen farkon ƙarni na 17, Faransanci kuma daga harshen Girka. Tushenta sunan Pan ne, wani abin bautar Girkawan da, wanda suka ɗauka rabinsa mutum rabinsa bunsuru, mazaunin daji da duwatsu, ubangidan makiyaya. Sun yi imani cewa shi ke sa garke ya watse ba a ga abin da ya kore shi ba, ko runduna ta ɓarke da gudu cikin dare ba abokin gaba a kusa. Watau dai abin da tsofaffin ƙauyensu za su kira gamo. Ɗalibin ya tuna yadda ya yi murmushin raini sa'ad da goggo ta ce ko iska ce ta taɓa yarinyar, alhali kuwa kalmar da shi ya ɗauka ta wayewa ce, aljanin dajin wasu mutane ne ke kwance a cikinta.

Ya kuma gwada kalmar da abubuwan da suka faru a idon kowa, domin Turawa suna amfani da ita ga jama'a kamar yadda suke yi ga mutum ɗaya. Da asubahin 8 ga Agusta 2014, saƙo ya bi wayoyi a faɗin Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai maganin Ebola ne. Mutane suka tashi iyalinsu cikin dare, har aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2 saboda shan gishirin, alhali cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba. Wannan ruɗewa ce da jita-jita ta haifar. Ranar 29 ga Mayu 2023, da sabon shugaban ƙasa ya ce an janye tallafin mai, kafin dare gidajen mai sun cika. Wannan rububi ne, tsoro ne gauraye da lissafin aljihu. Abin da ya faru a Mina ranar 24 ga Satumba 2015, inda alhazai masu yawa suka rasu har da na Nijeriya da Nijar, kowane Bahaushe turmutsutsu ya kira shi. Mai rubutun da ya sa kalma ɗaya a wuraren nan uku bai gaya wa mai karatu ko mutane gudu suke yi, ko sayayya, ko danne juna ba.

Amma fa gaskiya ba ta ƙare a gefe ɗaya ba, kuma ranar Litinin ce ta nuna masa haka. Da suka koma asibiti tare da mahaifinsu, aka tura su wurin wata likita wadda ta zauna ta yi musu bayani da Hausa. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke sakin wani sinadari cikin jini idan mutum ya gamu da haɗari, shi ke sa zuciya ta yi sauri, numfashi ya ƙaru, gumi ya karyo, domin jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wani lokaci jiki yakan yi wannan shiri ba haɗarin komai, kamar kare ya yi haushi ba ɓarawo. Saurin numfashin ne ke sa jiri da mutuwar yatsu. Abin yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti 10 ko ƙasa da haka, sa'an nan ya sauka da kansa. Ba ya kisa, amma dole a fara tabbatar da cewa ba ciwon zuciya ba ne, ko asma, ko faɗuwar sukari, ko matsalar maƙoƙo. In yana dawowa a kai a kai har mutum ya shiga fargabar dawowarsa, to ya zama ciwo mai suna, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware shi da kansa a littafinta na 1980, kuma yana da magani, na zama da likita a yi magana da kuma na sha.

A nan ɗalibin ya ga cewa a bakin likita kalmar nan tana ɗauke da wani kaya da firgita ba ta saba ɗauka ba, watau sanin cewa abin ciwo ne da aka bincika, mai iyaka, mai magani. In aka ce firgita kawai, wani zai tsaya wurin mai ruƙiyya bai ƙarasa asibiti ba, wani kuma ya ce raki ne irin na 'yan mata. Saboda haka akwai gurbi na gaskiya, amma ajiye kalmar Ingilishi a bakinsa bai cike shi ba, tun da wanda ake so ya je asibitin bai san ta ba. Ya lura da yadda likitar ta yi: ta ce “ciwon firgita”, kana ta bi shi da bayani. Ya kuma lura ba ta ce ya kai hari ba. Bature ne ke ganin ciwo kamar maharin da ya zo daga waje. Bahaushe cewa yake asma ta tashi, farfaɗiya ta tashi, tsohon ciwo ya motsa. Da ya san wannan tun daren Laraba, da ya rubuta cewa ciwon firgita ne ya taso mata, da yaron maƙwabta bai sami abin fassarawa ba.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ɗalibin bai fahimci karin maganar nan a kan hana aro ba, domin shi kansa bai daina cewa caji da sabis da laburare ba, mahaifinsa ma yana faɗinsu. Abin da ya fahimta shi ne, ya ari kalmar ne a daidai wurin da ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Likita ya ba shi suna, ya karɓa ya miƙa gaba ba tare da ya tambayi kansa me ya sami ƙanwarsa ba. Da ya tilasta wa kansa faɗin abin da Hausa, da dole ya zaɓa tsakanin tsoro da firgita da gigicewa, kuma wurin zaɓen ne zai gane cewa shi ma bai fahimci ciwon ba. Kalmar ta rufe masa rashin saninsa, ta bar mahaifinsa da hanya mai haɗari da bashin rago.

Wannan ya fi zama abin lura ga ɗaliban wannan sashe, domin daga cikinsu ake samun masu fassara a rediyo, da masu rubuta takardun faɗakarwa na asibiti, da malaman makaranta, da masu rubuta littattafan hikaya. A ranar annoba ko gobara ko tarzoma, sanarwar da za a karanta wa jama'a hannun irinsu za ta bi. Wanda ya saba tun yana ɗalibi da ɗauko kalmar da ta fi kusa da yatsa, ba a ranar tashin hankali zai koyi cewa “ku kwantar da hankalinku, kada ku ruɗe” ba. Tsakanin abokai biyu da suka yi boko, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke nufi, ba a ce an yi zunubi ba. Amma rubutu yana da ƙafa, yakan je inda mai shi bai aike shi ba, ya faɗa hannun wanda ba zai iya tambaya ba.

Yarinyar ta rubuta jarrabawarta lafiya. An koya mata yadda za ta sassauta numfashi in ta ji abin na tasowa, aka ce ta rage shayi mai kauri da raba dare tana karatu, mahaifinta kuma ya haɗa mata da addu'o'in safe da maraice. Ɗalibin ya tara daga kuɗin abincinsa ya taimaka aka fanshi ragon kafin Salla. Bayan wata biyu abin ya sake taso mata, sai dai bai kai na farko ba. Wannan karon ita ta karɓi wayar yayanta ta rubuta da kanta: “Baba, ciwon firgitar nan ya ɗan taso mini da rana, na yi yadda likita ta ce, ya sauka kafin la'asar. Yanzu lafiya lau nake, ku gaishe da Inna.” Bayan lisha amsa ta zo daga kan tudu: “Madalla. Allah ya ƙara sauƙi.” Tsohon kuwa ya sauko ya kwana a gida.